Masu Ƙirga Sauro: Binciken Rabi'u Labbo da Daminar Alakos

Baƙon da ya ratsa Alakos a watan Afrilu zai yi wuya ya yarda cewa zazzaɓin cizon sauro yana cikin abubuwan da ke hana iyayen wurin barci. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure ta jihar Damagaram, can arewa inda gonakin hatsi ke fara sirancewa, filin kiwo yana faɗaɗa. Da bazara tabkuna sun ƙafe sun dare, garken dabbobi na jiran ruwa a bakin rijiya, iska mai zafi na kaɗawa dare da rana. Ko kukan sauro ɗaya ba a ji. Amma da ruwa ya sauka a Yuli ya kankama a Agusta, kowane kwari da kowane ramin da aka haƙi ƙasar gini sai ya riƙe ruwa. Kafin a gama yankan hatsi, uwaye sun fara saɓar yara zuwa gidan likita: jiki ya yi zafi rau, ga amai, tafin hannu ya yi fari don ƙarancin jini, wani ma ya fara jijjiga.

Kowace shekara haka abin ke zuwa, har an ɗauke shi wani sashe na damina. Akwai tsofaffin da har yau ke ɗora laifin kan sabon hatsi, ko ɗanyar madara, ko dukan ruwan sama. Likitoci sun daɗe da sanin mai laifin, tun 1897 da Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Sai dai sanin sunan maƙiyi ba ya wadatarwa. Wane irin sauro ne ke cizo a wannan ƙauyen? A wane ruwa yake ƙyanƙyashewa? A ɗaki yake cizo ko a tsakar gida, da tsakar dare ko tun magariba? Maganin da ke jikin sange yana kashe shi har yanzu? Amsar da aka samu a Kenya ko Gambiya ba lalle ta yi aiki a Gure ba. Dole wani ya je ya kama sauron nan da hannunsa, ya ƙirga shi.

Cikin 'yan Nijar da suka daɗe a kan wannan aikin akwai Malam Rabi'u Labbo, masanin ƙwari a cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai. Ba sunan da ake ji a rediyo ba ne. Amma duk wanda ya nemi sanin halin sauron Nijar daga farkon shekarun 2000 zuwa yanzu zai yi ta cin karo da sunansa a kan takardun bincike. Ƙasar kuwa tana da dalilin damuwa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, zazzaɓin ya kashe kimanin mutum 597,000 a 2023, kuma kusan kashi 6 cikin 100 na mamatan 'yan Nijar ne. Nijeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne kaɗai suka fi ta asara, su kuwa sun ninka ta yawan jama'a sau da dama.

Aikin asuba da na tsakar dare

Aikin ba na masu gaggawa ba ne. Da asuba ake neman izinin maigida a shiga ɗakin da aka kwana, a shimfiɗa farin ƙyalle ƙasa da kan gado, a toshe ƙofa da taga, a fesa magani, a ɗan jira, sannan a tsince sauron da ya zubo ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Da dare a rataye tarko mai 'yar fitila kusa da mai barci cikin sange. Wata dabarar ta fi wannan wuya: mutum ya zauna ya naɗe wandonsa ya bar ƙwauri a buɗe, da tocila da ɗan bututu a hannu, duk sauron da ya sauka ya cafke shi kafin ya ciza, a rubuta sa'ar da aka kama shi, haka har gari ya waye. A ɗakin gwaji sai a duba ɗigon fiffike da ƙafa a ƙarƙashin madubin likita don rarrabe iri, a niƙa kai da ƙirji a nemi ƙwayar cutar, a gwada jinin da ke cikinsa a ga na mutum ne, ko na saniya, ko na akuya.

Dalilin duk wannan wahalar yana cikin rayuwar sauron kansa. A anofilis, wato sauron da ke yaɗa zazzaɓin, mace ce kaɗai ke shan jini, don ta samu abin yin ƙwai. A zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike mako guda ne zuwa kwana goma. Ke nan kududdufin da ya bushe cikin kwana huɗu ba ya haifar da kome, wanda ya kwana goma da ruwa shi ne matsala. Sannan idan macen ta sha jinin marar lafiya, ƙwayar cutar tana bukatar kwana goma zuwa sha huɗu a jikinta kafin ta kai ga yawunta. Yawancin sauro ba sa kai wa wannan tsufan. 'Yan kaɗan da suka kai su ne ke kashe yara. Shi ya sa sange mai magani ya fi labule: yana yanke wa sauron kwana kafin ta zama haɗari ga maƙwabci.

Sauron da aka ce ya tafi

Farin shekarun 1970 da na 1984 bai tsaya kan dabbobi da rumbuna ba, har sauro ya taɓa. Akwai wani iri da masana ke kira funestus, wanda ba ya son ɗan ruwan sama mai saurin ƙafewa. Shi ruwa mai zama yake so, mai ciyawa da inuwa, irin na fadama da bakin tabki. Da fadamun suka bushe sai aka daina ganinsa. Jean Julvez da Jean Mouchet da abokan aikinsu, waɗanda suka yi nazarin gabashin Nijar, sun rubuta a 1997 cewa wannan sauron ya ɓace daga yankin, zazzaɓin ma ya ja baya idan aka kwatanta da kafin fari. Maganar ta zauna a littattafai.

A 2004 Labbo da Jean-Bernard Duchemin da wasu abokan aikinsu suka aika wa mujallar likitoci ta Lancet 'yar gajeriyar takarda: funestus yana nan a Sahel ɗin Nijar, sun kama shi. Rubutun bai fi shafi ba, amma nauyinsa ya wuce tsawonsa. Sauron kududdufi, wato dangin gambiae, yana ƙarewa jim kaɗan bayan ɗaukewar ruwa. Funestus kuwa lokacin yake ganiyarsa, yana jan zazzaɓin ya tsallake kaka ya shiga hunturu. Garin da yake da shi yana da damina mai tsawo ta fuskar ciwo, ko da sama ta daɗe da rufewa. Mai tsara lokacin rabon magani da bai san da wannan ba zai naɗe tabarmarsa alhali cizon bai ƙare ba.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Gure kai tsaye. Gunduma ce ta tudun rairayi, amma tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa kusa, inda ake dabino da lambu da kanwa. Kwari ɗaya mai ruwan dindindin yana iya bambanta lafiyar ƙauye da ta maƙwabcinsa.

An ga hakan ƙarara a wasu ƙauyuka biyu gabas da Yamai, Banizumbu da Zindaru, waɗanda ma'aikatan CERMES suka bi shekara da shekaru. Tsakaninsu kilomita 30 ne kacal, ruwan saman da ke sauka musu kusan ɗaya. Amma Zindaru tana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwan ƙasa yake kusa, ramin da aka haƙa don lambu ba ya bushewa, Banizumbu kuwa rijiyarta mai zurfi ce. Sauron Zindaru ya ninka na Banizumbu kusan sau goma. Masu nazarin ruwa daga jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Elfatih Eltahir ɗan Sudan, sun yi aiki tare da CERMES a wurin, suka gina lissafin kwamfuta da ke bin kowane kududdufi daga cikarsa zuwa ƙafewarsa. A Banizumbu ɗin ne kuma, a daminar 2007, aka gwada wani abu da ya kamata a ce ya fi haka yaɗuwa: aka daka 'ya'yan dogon yaro, ana barbaɗa garin a kan ruwan da tsutsar sauro ke ciki sau biyu a mako. Matan sauron da aka kama sun ragu da kashi 49 cikin 100. Ba a shigo da kome daga waje ba, itacen yana ƙofar gida, turmi da taɓarya suna tsakar gida. Ba zai maye gurbin sange ba, kuma yana son mutanen da za su jure zagayen kududdufai ba fashi. Amma a wuri kamar Alakos, inda wuraren da ruwa ke kwanciya 'yan kaɗan ne kuma kowane yaro mai kiwo ya san su, dabara ce da ta cancanci a gwada da gaske.

Ranar da sauro ya fara daina jin magani

Tsakanin Disamban 2005 da Maris na 2006 Nijar ta yi abin da ƙasashe kaɗan suka taɓa yi a lokacin: aka raba sange mai magani sama da miliyan 2 kyauta a faɗin ƙasa, aka haɗa rabon da ɗigon rigakafin shan-inna. Babbar nasara ce, kuma ta ceci rayuka. Sai dai masanan ƙwari na CERMES sun yi wata tambaya da ba a so a ji ranar biki: idan aka sa magani iri ɗaya a miliyoyin ɗakuna, me sauron zai yi?

Cyrille Czeher da Labbo da abokan aikinsu suka tattara sauro daga garuruwa 14 a daminar 2005, kafin rabo, sannan a ta 2006 da ta 2007. Suna neman wani ɗan canji a ƙwayar halittar sauron, wanda ke sa maganin ya kasa kama jijiyarsa. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna cewa canjin yana nan, kaɗan ne a karkara amma yana hawa, a birnin Yamai kuwa ya riga ya yi nisa. Ba wai maganin ne ke ƙirƙirar sauro mai taurin kai ba. Yana kashe masu rauni ne, ya bar wa masu juriya fili su hayayyafa. Feshin auduga da na lambu, da ake yi da magungunan gida ɗaya, yana ƙara tura motar.

Gargaɗi ne da ya zo da wuri, kuma lokaci ya gaskata shi. A 2019 Dokta Sulaiman Ibrahim na Jami'ar Bayero ta Kano, tare da Labbo da Charles Wondji da wasu, suka wallafa abin da suka samu a ƙauyen Takatsaba da ke kudancin Nijar: sauron wurin yana ɗauke da ƙwayar cutar sosai, kuma ya daina jin magungunan da aka fi sa wa sange. Abin da matan karkara ke faɗa, cewa “sauron yanzu yana sauka kan sangen ya zauna abinsa”, ga shi an tabbatar da shi da lamba. Gwajin kansa mai sauƙin fahimta ne. A ɗebo tsutsa daga tabkin garin a rene ta, a zuba mata 20 zuwa 25 cikin bututun da aka lulluɓe da takarda mai magani, a bar su sa'a guda, a fitar da su, a ƙirga matattu bayan sa'a 24. Idan waɗanda suka mutu ba su kai 90 cikin 100 ba, maganin ya fara faɗuwa a wannan garin. Tarin irin waɗannan gwaje-gwajen daga ƙasashen Afirka shi ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ga amincewa da sange mai ƙarin sinadarin PBO a 2017, sannan a 2023 ta ba da shawarar wanda ya haɗa magani biyu mabambanta. Uwar da ta karɓi sabon sange a Gure ba za ta san sunan wanda ya kwana yana ƙirga gawar sauro ba, amma hannunsa yana cikin zaren.

Ƙasar Hausa ta taɓa koya wa duniya irin wannan darasin. A Garki, da ke jihar Jigawa yanzu, ba nisa da iyakar Damagaram, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban gwaji daga 1969 zuwa 1976. Aka fesa magani a bangon ɗakuna, aka raba ƙwayoyi ga gari dungurungum. Zazzaɓin ya sauka ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Ɗaya daga dalilan shi ne wani ɓangaren sauron ba ya hutawa a bango bayan ya sha jini, waje yake fita. Mario Coluzzi ɗan Italiya, wanda ya yi nazarin sauron Garki, ya nuna cewa abin da ido ke gani iri ɗaya ne yana da rabe-rabe masu hali daban. A 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu sunansa, coluzzii, kuma shi ne babban mai yaɗa cutar a Sahel ɗinmu.

Akwai wani aikin Labbo da nake ganin darajarsa musamman, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A kudu maso gabashin Nijar, wajen Gidimuni da ke kan hanyar Damagaram zuwa Gure, akwai wani anofilis mai suna hervyi da ba a san shi a wata ƙasa ba. Tun shekarun 1960 ba a sake ba da labarin kama shi ba. Labbo da abokansa suka kafa tarko suka same shi da yawa fiye da zato, suka bincika, ba su ga shaidar yana yaɗa zazzaɓi ba, suka wallafa hakan a 2010. Mai neman suna zai so ya ce ya gano sabon maƙiyi. Faɗin cewa wannan ba shi da laifi yana hana a ɓata kuɗin da babu, kuma gaskiya ce da ke bukatar aiki daidai da na gano mai laifi.

Ina yake ɓuya da rani?

Tambayar da ta fi damun mai tunani a Alakos ita ce ta rani. Ƙwan anofilis ba ya jure bushewa na dogon lokaci, tsutsarsa sai da ruwa, babbansa 'yan makonni yake rayuwa. To daga ina yake fitowa bayan wata bakwai ko takwas babu ɗigon ruwa a fili? Amsa mafi ƙarfi ta fito daga Mali, daga Adama Dao na cibiyar binciken zazzaɓi ta Bamako da Tovi Lehmann na Amurka. Sun shafa wa dubban sauro alamar launi a ƙarshen damina suka sake su, bayan wata bakwai suka sake kama mace ɗaya mai alamar da ranta. A 2014 suka nuna a mujallar Nature cewa coluzzii yana laɓewa ne ya yi dogon kwanci har ruwan farko, wasu ire-iren kuwa daga nesa suke dawowa. A 2019 suka kawo hujjar tafiyar: sun ɗaga raga mai danƙo da balan-balan zuwa tsayin mita 40 zuwa 290 cikin dare 617, suka kama anofilis 235. Sama da kashi 80 cikin 100 mata ne, yawancinsu sun riga sun sha jini, kuma lissafi ya nuna iska na iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya. Ma'ana, sauron da ya koyi jure magani a gonakin kudu yana iya kwana a arewacin Gure. Iyakar gunduma ko ta ƙasa ba ta tsare shi.

Gajartar lokacin cizon ita ce kuma ta buɗe wata ƙofa. Tunda yawancin ciwon yana taruwa cikin wata uku zuwa huɗu, masu bincike a Senegal da Mali da Burkina Faso suka gwada ba yara magani kafin su kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a Maris 2012, Nijar ta fara a 2013, Magarya ta jihar Damagaram tana cikin wuraren farko. Shi ne abin da ma'aikatan lafiya ke kira CPS: yara daga wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata cikin damina, ranar farko a sha a gaban mai rabo, sauran kwana biyu uwa ta ba da a gida. A gwaje-gwajen farko ya rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Amma kariyar kowane zagaye ba ta wuce mako huɗu ba sosai, don haka ranar farawa da ranar tsayawa su ne kome. Kuma ko da tsarin yana tafiya, a 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton cewa a ƙololuwar damina kimanin yara 10 ke mutuwa kullum a asibitin Magarya, inda zazzaɓi da tamowa suka haɗu. Allurar rigakafin da Nijar ta ƙaddamar a Gaya a Satumban 2024 ƙari ce mai kyau, ita ma ba ta cire bukatar sange ba.

Mutanen bakin hamada suna da wani rauni na daban. A kudu, inda cizo ya yi yawa, wanda ya tsallake ƙuruciya jikinsa ya ɗan saba. A arewa, inda wata shekarar ruwa ke gajarta, sabon bai kama jiki ba, shekarar da ruwa ya yi yawa sai ciwon ya kwantar da babba da yaro lokacin da gona ke neman hannu. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta nuna irin shekarun da ke iya zuwa. Ga kuma makiyaya, waɗanda sauro ke kawo musu wata cutar ta dabam. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓarke a yankin Cintabaradan na jihar Tawa, dabbobi suka yi ta ɓari, mutum sama da 30 suka rasu, yawancinsu masu hulɗa da dabba. Ƙasar kiwo ce mai tabkunan damina, kamar arewacin Gure.

A jami'o'i ana auna masani da yawan takardunsa da yawan waɗanda suka ambace su. Ni ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ko abin da ya gano ya canza irin sangen da aka sayo da watan da aka fara rabon magani. Da wannan ma'aunin aikin Labbo da abokansa ya biya. Damuwata ita ce irin wannan aikin ba a gama shi. Abin da aka auna a 2007 ya tsufa a 2019, na 2019 ma yana tsufa yanzu. Kuma mafi yawan kuɗin sa ido kan sauro daga waje yake zuwa. Shirin shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓi ya shigo da Nijar cikinsa a 2017, a 2025 kuma aka ga yadda tallafin Amurka ya girgiza cikin 'yan makonni. Idan kuɗi ya yanke, mai ƙirga sauro ake fara sallama, don ba shi ke riƙe da allura ba.

Alhali abin da yake bukata bai kai kuɗin mota ɗaya ta ofis ba: tarko da batir, bututun gwaji da takardunsa, madubin likita, babur, da matashi ɗan yankin da aka horar, wanda zai ɗebo tsutsa daga tabkunan Alakos a watan Agusta ya aika sakamako Damagaram da Yamai kafin a yi odar sangen zagaye na gaba. Damagaram tana da jami'a, Gure tana da asibitin gunduma, CERMES tana da waɗanda suka san aikin kuma za su iya koyar da shi. Hukumomin jiha da ma'aikatar lafiya suna iya sa wannan a kasafin bana.